Rajistocin x64 a Littafin Building a Debugger: Bitar Babi Biyu

Duk mai rubuta manhaja ya san ranar da kwamfuta ke yi masa taurin kai. Ya bi abin da ya rubuta layi-layi bai ga aibu ba, amma da an kunna manhajar sai ta faɗi. A irin wannan rana ake neman dibaga, wato manhajar da ke cafke wata manhaja tana cikin gudu, ta tsayar da ita cak, ta ba ka damar leƙa cikinta. Galibinmu mun saba da GDB, wadda Richard Stallman ya fara rubutawa a 1986, ko kuma LLDB ta dangin LLVM. Kullum muna amfani da su, amma ƙalilan ne a cikinmu suka taɓa tsayawa su tambayi daga ina suke samo abin da suke nuna mana.

Littafin Sy Brand mai suna Building a Debugger, wanda kamfanin No Starch Press ya wallafa a 2025, ya ɗauki wannan tambaya da gaske. Shafukansa sun haura 700, kuma daga farko har ƙarshe aiki ɗaya ake yi: gina dibaga mai suna sdb tun daga tushe, da harshen C++, a kan Linux, don firosesa irin ta x64. Ba duka littafin zan yi bita ba. Babi na 5 da na 6, waɗanda suka shafi karanta rajistoci da rubutu a cikinsu, su na zaɓa, domin a ganina a nan ne halin littafin ya fito fili, ƙarfinsa da iyakarsa baki ɗaya.

Rajista wani ɗan ƙaramin wurin ajiya ne a cikin ita kanta firosesa. Ba ta da girma, ta aikin yau da kullum bit 64 ce kacal a x64, amma kusan duk wani lissafi da kwamfuta ke yi sai ya bi ta cikinta. Akwai guda 16 na aikin yau da kullum, irin su rax da rbx da rcx har zuwa r15. Akwai rip, wadda ke riƙe da adireshin umarnin da za a zartar na gaba. Akwai rsp, mai nuna kan tarin bayanan da aikin da ake ciki ke amfani da shi. Idan manhaja ta faɗi, kuma babu bayanan bincike da kwamfaila ta bari, waɗannan su ne shaidun da suka rage. Ka ga rip ta tsaya a kan umarnin da ke ɗauko wani abu daga adireshin da ke cikin rdi, ka duba rdi ka tarar da sifili, to ka gama gano rabin matsalar, domin a tsarin kiran ayyuka na System V da Linux ke bi, abu na farko da aka miƙa wa aiki ta rdi yake shiga. Wani ne ya miƙo adireshin da babu kowa a ciki. Saura kawai a gano wane ne.

Abu na farko da mai bin waɗannan babi zai fahimta, kuma wanda mutane da yawa ke shekaru suna amfani da dibaga ba su gane ba, shi ne cewa dibaga ba ta taɓa firosesa ko kaɗan. Ba ma za ta iya ba. A lokacin da manhajar da ake bincika take tsaye, ba ta kan firosesa, wani aikin ne ya hau, watakila ma ita dibagar ce da kanta. Abin da ke faruwa shi ne, kanel na Linux kan kwafe dukan rajistocin manhajar ya adana a ma'adana kafin ya sauke ta, idan lokacin ci gaba ya yi kuma ya mayar mata da su kamar ba abin da ya faru. Wannan kwafin da aka adana shi dibaga ke karantawa, shi take gyarawa. Ƙofar da take bi kuwa ita ce ptrace, tsohon kiran kanel da ya samo asali tun zamanin Unix na shekarun 1970. Da zarar mutum ya riƙe wannan, abubuwa da dama sai su warware masa: dalilin da ya sa ba a karanta rajista sai manhaja na tsaye, dalilin da ya sa kowane zaren aiki ke da nasa rajistocin daban, da dalilin da ya sa canjin da ka yi ba ya aiki sai ka sake ta ta ci gaba. Tsarin sdb ya bi wannan gaskiyar sau da ƙafa. Duk lokacin da manhaja ta tsaya, sai a ɗebo rajistocinta gaba ɗaya a ajiye a wuri guda, duk tambayar da mai bincike zai yi daga baya a nan za a amsa masa, ba sai an yi ta komawa wurin kanel ba.

Inda aikin ya fara tsauri shi ne siffar x64 ɗin kanta. Wannan firosesa kamar gidan gado take, wanda kowane ƙarni ya ƙara ɗakinsa ba tare da an rushe zauren kaka ba. Intel ta fitar da 8086 a 1978 da rajista mai bit 16 mai suna ax, wadda ta kasu biyu, ah a sama, al a ƙasa. A 1985 80386 ta faɗaɗa ta zuwa bit 32 aka kira ta eax. Sai AMD ta kai ta bit 64 a Opteron ta 2003, ta zama rax. Dukan sunayen nan biyar suna aiki har yau, kuma wuri ɗaya suke nuni. Idan rax na ɗauke da 0x1122334455667788, to eax ita ce 0x55667788, ax ita ce 0x7788, ah 0x77, al kuma 0x88. Mai gina dibaga ba shi da damar ya ce shi da rax kawai ya san zama. Umarnin da ke gaban mai bincike na iya ambaton al, kuma yana da haƙƙin ya tambaya a gaya masa abin da ke cikinta.

Dabarar da littafin ya bi wajen shawo kan wannan ita ce abin da na fi yabawa a babi na 5. An yi jadawali guda ɗaya, a fayil guda, inda kowace rajista ke da layinta: sunanta, lambarta a tsarin DWARF, girmanta, nisan wurinta daga farkon ajiyar da kanel ke bayarwa, jinsinta, da yadda ya kamata a fassara abin da ke cikinta, ko lamba ce cikakkiya, ko mai ɗigo, ko jerin bayit. Daga wannan jadawali ake haifar da duk sauran abin da dibagar ke buƙata, ta hanyar wata tsohuwar dabarar C da ake kira X-macro. Ba a rubuta sunan rajista a wuri biyu, balle wata rana a gyara ɗaya a manta ɗaya.

Wanda bai taɓa shiga wannan aiki ba zai ce ai wannan tsafta ce kawai. Ya wuce tsafta. Ɗauki rdx. A cikin lambobin da firosesa ke fahimta, ita ce ta 2, rcx kuma ta 1. A tsarin DWARF, wanda kwamfaila ke amfani da shi wajen bayyana inda ta ajiye kowane abu, sun yi musanya: rdx ce ta 1, rcx ta 2. A lissafin GDB na cikin gida rdx ta 3 ce. A ajiyar da kanel ke miƙowa kuwa, wadda ta fara da r15 ta bi ta r14 da r13, rdx tana nisan bayit 96 daga farko. Rajista ɗaya, adireshi huɗu. Idan aka kuskure aka ɗauki lambar wannan tsari aka kai wancan, dibaga ba za ta faɗi ba, ba za ta yi ƙorafi ba, za ta dai nuna maka abin da ke cikin rcx ta ce maka na rdx ne. Wannan shi ne mafi munin abin da kayan bincike zai iya yi, domin mutum ya zo wurinsa ne don ya daina zato, sai ga shi an ba shi ƙarya da siffar tabbaci. Jadawali guda da aka duba da kyau shi ne katangar da ke tsakanin mai karatu da irin wannan ɓarna, kuma na ji daɗin yadda aka kafa shi tun kafin a fara amfani da lambobin DWARF, waɗanda ba za a buƙace su sosai ba sai can gaba a littafin.

Akwai wani ɗan wuri da nake so in tsaya a kai, domin yana nuna irin kulawar da aka yi. A ajiyar kanel, rax tana nisan bayit 80. Tun da x64 na fara ajiye ƙaramin ɓangaren lamba ne kafin babba, al tana kan 80 ɗin daidai, ah kuma tana kan 81. Karatu ba matsala, sai ka je 81 a kwafinka ka ɗauki bayit ɗaya. Rubutu ne ke da ƙura. Umarnin PTRACE_POKEUSER, wanda ake rubuta wa kanel da shi, ba ya karɓar adireshin da 8 ba ta raba shi daidai ba, kuma bayit 8 yake rubutawa a lokaci guda. Ka ba shi 81 ya mayar maka da kuskure. Mafitar da sdb ta bi ita ce a fara gyara bayit ɗin a kwafin da ke hannun dibaga, sannan a ja adireshin baya zuwa 80, a tura dukan bayit 8 na rax, bakwai yadda suke, ɗaya sabo. Layuka kaɗan ne na rubutu, amma wanda ya bi su da hannunsa ya koyi abubuwa uku a zama ɗaya: tsarin jera bayit, ƙa'idar daidaita adireshi, da amfanin riƙe kwafi. Darasin da ya zo ta hanyar matsalar da mutum ya ci karo da ita ya fi zama a kai fiye da wanda aka jera masa a allo.

A nan ma akwai abin da mai karatu mai lura zai tsinta. Idan ita firosesa ce ta rubuta a eax, takan share rabin sama na rax ya koma sifili, alhali rubutu a ax ko al ba ya taɓa sauran. Wannan ƙa'ida ce ta x64. Amma dibaga kwafi take gyarawa a ma'adana, don haka idan ta kwafe bayit 4 kawai zuwa wurin eax, rabin saman zai zauna yadda yake. Ba laifi ba ne, zaɓi ne, kuma yana da kyau ɗalibi ya san cewa rubutun dibaga da rubutun firosesa ba lallai su zo ɗaya ba.

Daga nan sai a shiga ɓangaren lissafi mai ɗigo, inda tarihi ya fi yin nauyi. Rajistocin st0 zuwa st7 gadon 8087 ne, mataimakiyar firosesa da Intel ta fitar a 1980. Kowacce bit 80 ce, wato bayit 10, amma a ajiyar kanel an ware wa kowacce bayit 16. Da aka kawo MMX a 1997, ba a yi mata sabon wuri ba, sai aka ɗora mm0 zuwa mm7 a kan wurin st ɗin nan, shi ya sa manhajar da ta gama aiki da MMX sai ta kira umarnin emms kafin ta koma lissafin x87. Sannan SSE ta zo da Pentium III a 1999 da rajistocin xmm masu bit 128, waɗanda a x64 suka kai 16. Duk waɗannan suna zuwa a dunƙule guda mai bayit 512. Sakamakon haka ƙofa ɗaya ba ta isa ba. Rajistocin yau da kullum ana ɗebo su da PTRACE_GETREGS, na lissafi mai ɗigo da PTRACE_GETFPREGS, su kuma rajistocin bincike, dr0 zuwa dr7, sai an bi su ɗaya bayan ɗaya da PTRACE_PEEKUSER. Wajen rubutu ma haka, na lissafi mai ɗigo ba sa karɓar gyaran ɗaiɗai, sai a mayar da dunƙulen gaba ɗaya. Littafin bai yi wa wannan kwalliya ba. Ya nuna rashin daidaiton yadda yake, sannan ya lulluɓe shi da fuska guda mai sauƙi, ta yadda wanda ke zaune gaban sdb zai rubuta register read rip ko register write rsi da wata lamba, ba ruwansa da ta wace ƙofa aka bi. Wanda ya saba da LLDB zai ga kalmomin umarnin ba baƙi ba ne a wurinsa.

Bari in ɗan ratse kan wata rajista da ba rajista ba ce. A jadawalin akwai orig_rax, wadda babu ita a jikin kowace firosesa. Linux ne ya ƙirƙire ta. Idan manhaja za ta roƙi kanel wani aiki, takan sa lambar roƙon a rax, amsar ma ta rax take dawowa, don haka lambar roƙon kan ɓace. Sai kanel ya ajiye ta asali a orig_rax. Da ita ake sanin wane roƙo manhaja ke yi idan an tsayar da ita a tsakiyarsa, kuma irin wannan bayani ne kayan aiki kamar strace ke dogara da shi. Ba ta da lamba a DWARF. Kasancewarta a jadawalin na ƙara tabbatar da abin da aka faɗa tun farko, cewa abin da dibaga ke gani shi ne abin da kanel ya rubuta ya ajiye.

Babi na 6 shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Littattafan koyarwa da yawa da sun gama nuna yadda ake karantawa da rubutawa sai su buga misali ɗaya, su ce ga shi ya yi aiki, su wuce. A nan an ware babi sukutum don gwaji, kuma gwajin da aka zaɓa shi ne na gaskiya. Hanya mafi sauƙi ita ce a sa dibaga ta rubuta lamba a rajista, ta sake karantawa, a ga ko sun zo ɗaya. Wannan ba gwaji ba ne, domin idan nisan da ke jadawali kuskure ne, a wurin kuskuren za ta rubuta, a wurin za ta karanta, ta kuma ba da shaidar cewa komai lafiya. Mutum ba ya zama shaidar kansa. Abin da littafin ya yi shi ne rubuta ƙananan manhajoji da harshen asambuli na x64, inda marubuci ke da cikakken iko a kan kowace rajista, ba kwamfaila da za ta zaɓa masa. Manhajar gwajin takan tura wa kanta siginar SIGTRAP ta tsaya. Dibaga ta rubuta lamba a rsi, ta sake ta. Ita kuma manhajar ta buga abin da ta tarar a rsi da printf, a kama abin da ta buga ta bututun da aka riga aka gina a babi na 4, a gwada da abin da aka sa rai. Sai a juya: manhajar ta zuba sananniyar lamba a r13, ko a bayit ɗinta na ƙasa, ko a mm0, xmm0 da st0, ta tsaya, dibaga ta faɗi abin da ta gani. Ta kowane ɓangare, firosesar gaske ce ke yanke hukunci. Gani ya kori ji.

Gwajin st0 ya fi sauran koyarwa. Rajistocin x87 tari ne, ana ɗorawa ana saukewa, kuma akwai wasu ƙananan rajistoci biyu masu kula da tarin: fsw, wadda bit uku a cikinta ke nuna inda kan tarin yake, da ftw, mai faɗin wane gurbi ne ke da kaya, wane ne fanko. Ka zuba lamba a st0 ka tsaya nan, firosesa za ta ci gaba da ɗaukar gurbin a matsayin fanko. Dole gwajin ya gyara waɗannan biyun ma kafin lambar ta fito. Ɗalibin da ya kai nan ya taɓa wani ɓangare na kwamfutarsa da yawancin ƙwararru ba su taɓa kusanta ba, kuma ya taɓa shi ne da dalili. A kan hanya kuma ya koyi asambuli daidai gwargwadon buƙata: yadda ake kiran kanel da umarnin syscall, yadda ake shirya tari kafin kiran printf, da bambancin rajistocin da aiki zai iya ɓatawa da waɗanda dole ya mayar yadda ya same su. Ban san wata hanya da ta fi wannan sauƙin shigar da mutum asambuli ba, domin kowane layi yana da tambayar da yake amsawa.

Ribar wannan wahala tana fitowa tun daga babin da ke biye. Tarkon tsayar da manhaja ana dasa shi ne da bayit guda, 0xCC, wato umarnin int3, kuma idan manhaja ta taka shi rip kan wuce da bayit ɗaya, sai dibaga ta ja ta baya. Tarkon da firosesa ke riƙewa da kanta yana buƙatar adireshi a ɗaya daga dr0 zuwa dr3, saiti a dr7, sannan a duba dr6 a ga wanne ya kama. Warware jerin ayyukan da suka kira juna kuwa gaba ɗaya a kan lambobin DWARF yake tafiya. Duk waɗannan suna komawa kan jadawalin nan na babi na 5.

Sai dai akwai inda nake da ja, kuma ba ƙarami ba ne. Rajistocin da sdb ta sani sun tsaya a xmm. Babu ymm masu bit 256 da AVX ta kawo a 2011, balle zmm masu bit 512. Wani zai ce wannan na masu lissafin kimiyya ne. Ba haka ba ne. Ɗakin karatun C na GNU, wanda kusan kowace manhajar Linux ke jingina da shi, yakan zaɓi nau'in strlen da memcpy masu amfani da AVX idan firosesa na da shi. Duk wanda ya taɓa miƙa wa strlen adireshin banza a kwamfutar zamani ya ga sunan __strlen_avx2 a rahoton faɗuwa. Ke nan ɗalibin da ya gina sdb, ya bi manhajarsa taki-taki har ya shiga nan, zai ga umarni na ambaton ymm0, dibagarsa kuma rabinta na ƙasa kawai za ta iya nuna masa, da sunan xmm0. Dalilin giɓin a fili yake. Tsofaffin ƙofofin ptrace da aka bi ba sa kaiwa ga waɗannan rajistoci. Sai an bi ta PTRACE_GETREGSET, wadda ta shigo Linux a sigar 2.6.34 a 2010, a nemi yankin XSAVE, wanda girmansa ke bambanta daga firosesa zuwa firosesa har sai an tambayi umarnin cpuid. Na yarda wannan zai ƙara wa babin nauyi, kuma jadawali mai tsayayyen nisa ba zai ɗauke shi cikin sauƙi ba. Duk da haka na so a ce an bi sabuwar ƙofar ko da ga rajistocin yau da kullum ne, don mai karatu ya saba da ita.

Dalilina na biyu na son haka shi ne ARM. A Linux na AArch64 babu PTRACE_GETREGS kwata-kwata, ta PTRACE_GETREGSET kaɗai ake bi. Rajistocinta 31 ne, x0 zuwa x30, kowacce da rabinta mai suna w, ba ta da tarkacen ah da al, tarkonta ma umarni ne mai bayit 4. Wayoyin da ke aljihunmu kusan duka ARM ne, haka Raspberry Pi, haka sababbin kwamfutocin Apple. Ba na zargin littafin da ɓoye komai, tun a bangonsa ya faɗi cewa x64 zai yi, kuma tsayawa a kan gini ɗaya shi ya ba shi damar nitsewa haka. Littafin da ya ce zai rungumi kowace firosesa da ya ƙare a bayani na sama-sama. Amma mai saye ya sani cewa ranar da zai kai sdb kan ARM, jadawalin da hanyar ɗebo rajistocin duk sai ya sake su. GDB ta magance wannan ta hanyar bayanin na'ura da ake rubutawa da XML, inda na'urar da ake bincika ke faɗa wa dibaga irin rajistocin da take da su. Wanda ya gama babin nan biyu, nan ya kamata ya leƙa na gaba, kuma zai fahimci abin da ya gani, domin ya riga ya san matsalar da ake ƙoƙarin warwarewa.

Ƙorafi na ƙarshe ƙarami ne. Dabarar X-macro tana rage maimaici, amma idan aka yi kuskuren harafi ɗaya a ciki, saƙon da kwamfaila ke fitarwa na iya rikita sabon shiga. Haka kuma babin na sa ran mai karatu ya san std::variant da std::visit na C++17, domin da su ake riƙe ƙimar da ka iya zama bayit ɗaya ko goma sha shida. Wannan ba littafin koyon C++ ba ne, wanda bai taka wannan matakin ba ya fara can tukuna.

Abin da ake buƙata don bin babin ba shi da yawa. Kwamfutar tafi-da-gidanka ta hannu mai firosesar Intel ko AMD, irin wadda yawancin ɗalibanmu ke riƙe da ita, ta wadatar idan an ɗora mata Linux. Rubutun sdb ɗin kansa yana GitHub a buɗe ga kowa. Sai dai ina ba mai karatu shawara kada ya kwafo jadawalin ya liƙa. Ya buɗe fayil ɗin sys/user.h da ke kwamfutarsa, ya ƙirga nisan rax da kansa ya ga ko 80 ne, ya rubuta layukan da hannunsa, sannan ya sauya lambar DWARF ta rdx da ta rcx da gangan ya ajiye a ransa, ya ga a wane babi ɓarnar za ta bayyana.

Ga malaman da ke koyar da tsarin ginin kwamfuta a jami'o'inmu da kwalejojin fasaha, inda sau da yawa ɗalibi kan haddace sunayen rajistoci don jarrabawa bai taɓa ganin ɗaya na canzawa ba, ina roƙon su duba babi na 5 da na 6 su mayar da su aikin zango. Duk da giɓin AVX da tsayawa a kan x64, ban ga bayanin wannan fanni da ya kai su gaskiya da tsari ba, kuma sun cancanci kuɗin littafin da lokacin da za a ba su.